Daminar da Na Hana Malam Cin Bashi

Bana ruwa ya yi jinkiri a Azare. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan da aka yi ruwan farko, mutane suka yi garajen shuka, tun daga ranar kuwa sama ta yi wasai kamar an share ta da tsintsiya. Ɗazu da hantsi ina zaune a gindin darbejiyar tsakar gida na ji maza suna wucewa ta bayan katanga, za su roƙon ruwa. Da suka dawo, ɗana, wanda nake zaune a gidansa, ya jawo tabarma kusa da ni yana lissafin taki da kuɗin da banki ke ba manoma a mayar da ƙari. Ya ce, "Hajiya, ke me kika gani? In karɓa?" Na ce masa ni ba na ba kowa shawara a kan bashi. Ya yi dariya, ya ɗauka rigimar tsufa ce. Ba ita ba ce. Sau ɗaya na taɓa ba da irin wannan shawara, aka kuma bi ta. Shi yana goye a bayana a lokacin, bai san an yi ba.

A Katagum muke, 'yan shekaru bayan an gama yaƙin Turawa. Mu huɗu ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Iya, sai jaririn. Sunan maigidana Adamu, amma ban taɓa ɗaukar sunan a bakina ba yana raye, Malam nake cewa. Shi kuwa Kulu yake ce min. Dogo ne, mai sanyin magana, in abu ya dame shi sai ya tsuguna ya yi ta ja layi a ƙasa da tsinke. Gonaki biyu gare mu. Akwai ta tudu, jigawa ce, ta gero da wake. Akwai kuma 'yar fadama a bakin kogi da ya gada daga mahaifinsa, baƙar ƙasa mai riƙe danshi, ana dawa a cikinta, in ruwa ya ja a yi albasa. In kogi ya kawo, Malam ya ɗauki komarsa ta kamun kifi da gora ya shiga su. Ba mu da wani arziki, amma tunda aka kawo ni gidan ba a taɓa wuni ba a ɗora tukunya ba, sai a waccan shekara.

Tun daga kaka abin ya faro. Gero ya yi kyau har ya fara ƙosawa, sai tsuntsayen nan jan-baki suka sauko daga wajen kogi kamar hayaƙi. Muka yi ta kaɗa gwangwani muna ihu har muryoyinmu suka dushe, abin da muka ɗaure bai kai rabin na kullum ba. A ciki aka sayar aka biya haraji. Kafin bazara ta raba, in Malam ya shiga rumbu sai mu ji ƙafarsa tana taɓa daɓe.

Bazarar Katagum ba ta wasa ba ce. Tun hantsi rairayi yake ɗaukar zafi, in kin fita ba takalmi sai ki yi ta tsalle daga inuwa zuwa inuwa. Ruwan randa kamar an ɗumama. Kaji su labe a ƙarƙashin rumbu baki buɗe. Jaririn ya fito da ƙurajen zafi tun daga wuya har gadon baya, in na goya shi ya yi ta kuka, in na sauke shi ya yi ta kuka. Kogi ya tsaya, sai 'yan kududdufai nan da can, an kame kifin cikinsu tun tuni. Iya ce ke riƙe da awo. Tana da wata ƙwarya da take auna hatsin yini da ita, wata safiya na ga ta canza ta da ƙarama. Da safe kunu tsararo. Da rana babu. Da yamma tuwo, daga baya tuwon ya koma fate, faten ma ganye ya fi gari yawa. Dusar da muke ba akuyoyi muka koma tankaɗewa muna haɗawa.

Da ruwan farko ya sauka har rawa na yi a tsakar gida, ƙanshin ƙasa ya cika min hanci. Washegari kowa ya fita shuka. Gero ya tsiro, ya yi kunne biyu, layi-layi, kyakkyawa. Sai sama ta ɗauke. Kullum da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, mu kwashe shanya mu kafa tukwane a bakin ɗaki, sai iska ta zo ta watsa shi. Muna kallo shukar ta kwanta ta yi ja kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Da aka sake yin ruwa, Iya ta fasa wata tukunya da ta liƙe bakinta da laka ta ɓoye a ƙarƙashin gadonta. Irin da ta ajiye ne don irin wannan rana. Muka sake shukawa. Wannan ko kunne biyun bai samu yi ba.

To, ga mu nan. Damina ta shigo a lissafi, ba iri, hatsin ci kuma Iya ta ce in an matsa zai kai kwana goma.

Ranar kasuwa sai ga wani mutum daga Azare da jakuna tara, kowanne da buhu biyu. Malam Garba ake ce masa, wakilin wani attajiri ne mai sayen gyaɗa. Ba zan yi masa ƙarya ba, mutum ne mai fara'a da ladabi. Da ya zo zaurenmu sai da ya durƙusa ya gaida Iya ta bayan asabari, ya miƙo mata goro biyu fari. Ni ina tsakar gida ina jin duk abin da suke faɗa, don zana ce kawai tsakaninmu.

Ya ce, "Malam Adamu, ni ban zo in cuce ka ba. Buhu biyu zan ba ka yau, ka ci ka shuka. In kaka ta yi, ka mayar huɗu."

Malam ya ce, "In kuma kakar ba ta yi ba fa?"

"Sai a ɗaga maka zuwa baɗi, ya zama takwas. Ai mai gidana ba ya matsa wa kowa. Abu ɗaya dai yake nema, a rubuta fadamar nan taka jingina, ka dangwala yatsa a gaban shaidu. Takarda ce kawai. Wanda ya biya, a yaga a gabansa."

Malam ya ce, "Wannan ba kuɗin ruwa ba ne?"

Malam Garba ya yi dariya. "Wane irin ruwa? Ciniki ne. Yau buhu nawa yake a kasuwa, da kaka kuma nawa yake? Ka lissafa ka gani. Kwana uku zan yi a garin nan. Ka yi shawara da iyalinka."

Ranar farko Malam ya wuni a gindin rumbu da tsinkensa. Ya ja layi huɗu, ya ja wasu, ya share, ya sake. Ya ce in ruwa ya zauna daga yanzu, gonar tudu za ta ba da abin da za a biya har a samu na ci zuwa tsakiyar rani. In bai zauna ba, shi ke nan. Ya je wajen liman bayan azahar, ya dawo ba tare da abin da ya je nema ba. Liman ya ce masa abin dai an san sunansa ko an canza masa riga, amma shi ba zai iya duban mai jariri a gida ya ce ya zauna da yunwa ba. Ya ce ya je ya roƙi zaɓin Allah. Malam ya tambayi Iya. Iya ta ce, "Fadamar ta ubanka ce, cikin kuma namu ne. Kai ne babba yanzu, ni ba ni da ta cewa." Daga nan ta juya zancen zuwa Fillanci tana yi da kanta, haka take yi in ba ta so a ja ta da magana.

Rana ta biyu ta fi wuya. Maƙwabtanmu, Buba da matarsa Ladi, sun karɓa tun jiya. Danga ɗaya ce ta raba mu. Tun da sassafe muka fara jin daka, luguden gaske, irin wanda aka daɗe ba a ji ba a unguwar. Da azahar ƙanshin tuwon gero ya tsallako. Ban taɓa sanin tuwo yana da ƙanshi haka ba. Jaririn yana jan nono ba ya samun komai, ya saki ya yi ƙara. Can sai ga Ladi ta leƙo ta saman danga da akushi a hannu.

"Kulu, karɓi. Ki ci ko yaron nan ya samu."

Na ce, "Haba Ladi, ku da kuka ci bashi?"

Ta ce, "Bashin ai an riga an ci. Karɓi kafin ya huce, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Muka raba uku. Ina ci hawaye yana zuba a cikin miyar, ban san na daɗi ba ne ko na baƙin ciki. Malam yana kallona. Da muka gama ya ce a hankali, "Kin ga dai, Kulu. Gobe ma za a iya yin irin wannan dakan a gidan nan."

Amma ni akwai abin da na sani wanda shi bai sani ba. Ni 'yar wani ƙauye ce a wajen Yana, kuma ina da wayo lokacin da babana ya ci irin wannan bashi. Na tuna ranar da aka zo masussukarmu da jakuna. Ana aunawa ana ɗurawa, babana yana riƙe musu bakin buhu da hannunsa, har aka kai ga ƙasa, innata ta share abin da ya rage da tsintsiya ta sheƙe. Shekara uku ana haka. A ta huɗu babana yana noma a wannan gona dai, ina kai masa fura a wurin, amma ƙwadago yake yi, da yamma a ba shi lada. Bai taɓa ɗaga murya a kan maganar ba. Ya dai daina zama a dandali, ya daina dariya, shi ke nan.

Rana ta uku da hantsi Malam ya ce in zo mu je mu duba fadama. Na san ba fadamar za a duba ba, so yake mu yi magana inda Iya ba ta ji. Muka tsaya a gindin wata goruba. Ƙasar ta tsattsage, za ki iya zura hannu a ciki. Nan na ba shi labarin babana, daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Ba kowa ne yake ƙarewa haka ba."

Na ce, "Haka ne. Amma in ka dangwala, ni dai zan ci tuwon, sai dai kowace loma da lissafinta zan haɗiye."

"To me za mu ci? Me za mu shuka?"

Na riga na shirya amsar tun jiya. Na ce a sayar da akuyoyina biyu da komarsa a sayi iri. In an yi ruwa mu shuka. Shi kuma ya tafi Nguru. Ina da ɗan kawu a can yana dako a tashar jirgin ƙasa, an ce mai ƙarfi ba ya rasa sule a rana. Ya riƙa aiko mana ta hannun fataken kanwa. Bakin mutum ɗaya ya ragu a gida, kuɗi kuma yana shigowa. Noma kuwa ni da Iya za mu yi, ai a gidanmu da fartanya na tashi.

Malam ya tsuguna ya ɗauki tsinke, amma bai ja layi ba. Ya ce, "Kulu, manomi ya bar gona da damina? Ni tunda nake ban taɓa yin kwana uku a wani gari ba." Sa'an nan ya ƙara da cewa, "In na ci bashin nan, ina nan tare da ku."

Na ce, "Kana nan. Fadamar fa?"

Wallahi da ƙarfina na faɗa, ina ganin ni ce mai hangen nesa. Yarinya ce ni, ban san nauyin abin da ya faɗa ba. Ya daɗe yana kallon ƙasa. Ya miƙe ya karkaɗe rigarsa ya ce, "To. Allah ya sa haka ya fi alheri."

Malam Garba bai ji haushi ba. Ya ce ƙofa a buɗe take in mun sake shawara, ya kora jakunansa ya tafi, buhu uku kacal suka rage masa. An sayi akuyoyin da arha, don kowa sayarwa yake yi. Komar kuwa Malam da kansa ya naɗe ta ya kai, bai bari na ga wanda ya saya ba. Abin da aka samu ya sayi iri da ɗan abin da za a taɓa.

Kwana biyar bayan nan aka yi ruwa na gaske. Tun la'asar iska ta tsaya cak, sa'an nan aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, har tsakar gida ta zama tafki, kwaɗi suka fito ko'ina. Da safe muka fita mu biyu, Iya ta riƙe yaro. Malam yana gaba da sungumi yana sara, ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. Ƙasar sanyi ƙalau, tana shiga tsakanin yatsun ƙafa. Sara, jefa, taka. In ya kai ƙarshen layi ya tsaya ya jira ni, in na iso ya juya. Kwana uku muka yi a haka, tudu da fadama. Ina iya cewa a duk zaman da muka yi da shi, babu kwanakin da na fi tunawa kamar waɗannan ukun, alhali da yunwa muka yi su.

A rana ta huɗu bayan ya dawo daga masallaci ya ɗaura buzu da 'yar butarsa. Iya ta yi masa addu'a ta tofa masa a ka. Ya ɗauki yaron ya ɗan jijjiga shi ya miƙo min. Na raka shi iyakar zaure, don nan ne iyakata. Ya ce, "In gero ya yi kunne huɗu ki cire masa, kar ki bar fiye da uku a rami. Kin cika tausayi." Na ce to. Ya bi ayarin wasu masu jakuna, ina hango farar hularsa har suka sha kwana.

Ruwa kuwa ya zauna. Kamar ana jiran ya tafi ne. Gero ya tashi, ciyawa ta tashi tare da shi. Ni da Iya muke sammako, in shimfiɗa zane a gindin aduwa in kwantar da yaron, mu duƙa. Iya tana layi ɗaya ina biyu. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe ya sake yi. In rana ta take, idona ya riƙa ganin duhu-duhu, sai in tauna ɗanyen ganyen rama in ci gaba. A hanyar dawowa mu tsinko tafasa da yaɗiya, a dafa a matse a barbaɗa ɗan ƙuli in akwai. Da kogi ya kawo ya cika fadamu, matan unguwa muka riƙa shiga ruwa har ƙirji muna ciro bado, a shanya 'ya'yan a daka a yi tuwo. Tuwon ba ya riƙe ciki, amma yana rufe bakin yunwa. In kin fito sai ki ga matsattsaku sun manne a ƙafa, mu zauna a bakin gaɓa muna cire wa juna muna dariya. Ni kaina ina mamakin yawan dariyar da muka yi a shekarar.

Ranar da za a yi huɗa a fadama na rasa yadda zan yi, don garma ta fi ƙarfina, kuma ba ni da abin da zan kira gayya in ciyar. Ina isa sai na tarar da Buba ya riga ya yi kunya shida. Na ce, "Malam Buba, ba ni da abin ba ka." Ya ce, "Wa ya tambaye ki? Adamu zai rama min wata shekara." Ya wuni yana yi, ko ruwa sai da na matsa ya sha.

Saƙon Malam ya zo sau huɗu. Wani bafatake ne mai ido ɗaya yake kawowa, a ƙulle cikin tsumma. Sule uku, sule biyu, wani zuwan har da ɗan yankin sabulu da busasshen nama. Kullum in tambaye shi, "Yana lafiya?" Ya ce, "Lafiya lau, yana gaishe ku." A zuwa na huɗu ya ce, "Yana ɗan tari, amma ai damina ce." Ban sa abin a raina ba.

Ranar da muka karyo tumun farko Iya ta gasa a bakin murhu, ta murza a tafin hannu ta hure, ta zuba min a baki kamar yarinya. Zaƙi, ɗumi, ƙanshin hayaƙi. Na zaɓi zangarniya uku mafi girma na soke a jinkar ɗaki, na ce na Malam ne.

Ana cikin girbi ya dawo. Ina sunkuye ina ɗaure dami na ji sallama, na ɗago, sai da na sake dubawa. Ya rame, wuyansa ya ƙara tsawo, kafaɗunsa sun yi kanta baƙa. Ya tsaya yana kallon gonar daga wannan gefe zuwa wancan. Ya ce, "Ke kika yi wannan?" Na ce ni da Iya, da Buba. Ya yi dariya, dariyar ta juye tari, sai da ya dafa gwiwa. Daga baya ɗan kawuna ya gaya min yadda suka yi. A wata rumfa mai yoyo suke kwana, su wuni suna ɗaukar buhunan kanwa da fatu a cikin ruwa, ƙurar kanwar tana shiga ƙirji. Ya ce Malam sau ɗaya yake cin abinci a rana don ya tara abin aikowa.

Mun cika rumbu a shekarar, ba wanda ya zo mana da jaki. Su Buba kuwa an zo. Gonarsu ba ta kai tamu ba, suka biya uku, saura ya hau. Shekara ta zagayo, matsalar tsuntsaye ta dawo, abin ya sake hawa. A kaka ta uku aka karɓi fadamarsu. Suka tattara suka koma Azare, Buba ya kama tufkar igiya yana sayarwa a kasuwa. Ranar da za su tafi Ladi ta rungume ni tana kuka tana cewa, "Kulu, ke kika yi dabara."

Bari in ɗan yi gaba. Shekaru da yawa bayan nan, da ɗana ya samu aiki ya ɗauko ni zuwa Azare, na nemi gidansu na je. Ɗaki ɗaya ne na haya a bayan kasuwa, ba su da ko kaza. Buba ya tsufa tukuf, ba haƙori ko ɗaya, yana zaune a ƙofar ɗaki da kaba a tsakanin ƙafafunsa. Ladi tana goga masa goro a magogi tana yi masa faɗa wai ya cika ci, shi kuma yana ce mata ai ita ta koya masa. Na wuni a wurinsu, muka yi ta hirar Katagum. Da na dawo gida ban iya cin tuwon dare ba. Fadamarmu tana nan har yau, ita ta ciyar da 'ya'yana, da albasarta aka yi wa wannan ɗan nawa kayan makaranta. Ban ce ban gode Allah ba.

Tarin Malam bai tafi ba. An yi saiwoyi, an yi rubutu, an yi turare. In rani ya yi ya ɗan samu sauƙi har ya sa rai zai sake sayen koma, in damina ta shigo ya kwanta. A haka muka samu 'ya mace. Damina uku ya gani bayan dawowarsa. A ta ukun ko masallaci ba ya iya zuwa.

Wata rana da safe, dawa ta fitar da kai, ya ce shi dai a kai shi fadama. Iya ta hana, ya nace. Na aro jaki, muka ɗora shi, ina riƙe da shi ta gefe har muka isa. Na shimfiɗa masa buzu a inuwa ya jingina. An yi ruwa jiya, ganyen dawa yana ɗiga, kogi ya cika yana tafiya a hankali, masunta suna can tsakiya a kan gorunansu. Ya daɗe yana kallonsu. Sa'an nan ya juyo ya dubi dawar, ta fi tsawon mutum, kore shar.

Ya ce, "Kulu."

Na ce, "Na'am."

"Da kin bar ni na dangwala yatsan nan, yau gonar wa zan zo in kalla?"

Yana murmushi ya faɗa. Yabona yake yi, so yake in ji daɗi. Ni kuwa abin da ke raina daban ne. So nake in ce masa masu ba da bashin su ɗauki fadamar, su haɗa da ta tudun, da rumbun, mu tafi ko'ina ne mu yi tufkar igiya, in dai yana nan tare da mu kamar yadda ya ce. Amma a zamaninmu mace ba ta faɗa wa miji irin wannan magana da baki. Kunya ta riƙe ni. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin buzun da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Malam, rana ta fara zafi. Mu koma gida."

Ya ce, "To, mu je."

Kafin a yanke dawar ya rasu.